Likita tace in gwada hifnosis, maigida yace aikin aljanu ne

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Ni matar aure ce, yarana biyu, shekara huɗu kenan muna zaune a Manchester ta ƙasar Ingila saboda aikin maigida. Kusan shekara uku ina fama da ciwon ciki, murɗawa da kumburi kamar mai ciki wata biyar, yau gudawa gobe kuma bayan gidan yaƙi fita, babu gwajin da ba'a min ba har kyamara an zura min ba'a ga komai ba, sukace wai IBS ne, wato wata larurar hanji da ba'a ganinta a gwaji. Nasha magani har na gaji, na bar madara na bar wake na bar albasa amma jiya i yau. Yanzu likitata tace zata tura ni wajen masu hifnosis, wannan da ake cewa ana sa mutum kamar barci da magana kawai. Ina faɗawa Abban yara ya shiga intanet ya samo fatawa cewa aikin aljanu ne, ya kuma nuna min bidiyon wani bature da yake kaɗa yatsa mutane suna zubewa, har yasa wani ƙato yana kukan kaza. Hajiyata a Kano kuma tace ita daman tasan sammu ne in dawo gida kawai. Anti ni tsoro nake ji, hankalina gushewa zai yi? Zan iya faɗin sirrin gidana ban sani ba? In naƙi farkawa fa? Kuma abinda yafi ci min rai, meye haɗin ciwon ciki da wannan abu, ko suna nufin ƙarya nake ciwon a kaina yake?

Wa alaikumussalam ƙanwata, sannu kinji, Allah Ya baki lafiya Yasa kaffara ne. Shekara uku mutum kullum kafin ya fita unguwa sai ya fara lissafin ina zai samu banɗaki a hanya, wannan wanda bai ɗanɗana ba bazai gane ba.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe tunda naga ita tafi sosa miki rai. Ba ƙarya kike ba, kuma likitar ma ba haka take nufi ba. Mu Hausawa ai mun daɗe da sanin kai da ciki a haɗe suke tun kafin bature yazo da na'ura, in ba haka ba me yasa in mutum ya tsorata muke cewa cikinsa ya ɗuri ruwa, ko hantar cikinsa ta kaɗa, kuma kinsan akwai wanda ranar jarrabawa sai ya shiga banɗaki sau biyar alhali ko koko bai sha ba. Zawon nan kuwa na gaske ne, in bai yi sauri ba wandonsa ne zai bada shaida. A jikin hanji akwai ƙwayoyin jijiya sama da miliyan 100, saƙo na hawa yana sauka tsakaninsu da ƙwaƙwalwa dare da rana. A IBS hanjin babu gyambo babu ƙari shiyasa kyamara bata ga komai ba, layin saƙon nan na tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa ne ya cika ƙara kamar rediyon da yaro ya murɗe har ƙarshe, iskar da zata ratsa cikin wani ko sani bai yi ba ke sai tazo miki kamar ana yanka ki da wuƙa. An gwada wannan fa, ana saka ɗan balan-balan a ƙarshen hanji a dinga hura shi a hankali, masu IBS da yawa suna fara jin zafi tun a inda masu lafiya basu ji komai ba. Toh maɓallin ƙarar nan likitar take so a rage.

Sai sunan abin, wanda shi ya jawo rabin tsoron. Hifnosis daga kalmar Girkanci ta barci aka samo shi, Larabawa kuma suna ce masa attanwimul magnaɗisi, wato sa barci da maganaɗisu, kuma abin dariyan shine babu barci a ciki babu maganaɗisu. Maganar maganaɗisun daga wani likita Bajamushe ta fito, Franz Mesmer, wanda ya koma Faris a 1778 yana cewa akwai wani ƙarfi da ba'a gani yana gudana a jikin mutum, in ya toshe sai ciwo, shi kuma yana iya buɗe shi. Yana tara mutane a zagaye da wani ƙaton baho na katako mai sandunan ƙarfe, kowa ya riƙe sanda, shi kuma yana zagayawa yana shafa iska da hannu, mata da maza suna kuka suna shure-shure suna suma, wasu kuma su tashi suce sun ji sauƙi. Abin ya cika gari har sarki Louis na 16 ya naɗa kwamiti a 1784 a bincika, cikinsu da masanin sinadarai Lavoisier da Benjamin Franklin, wannan tsohon da hotonsa ke jikin takardar dala ɗari, lokacin shine jakadan Amurka a Faransa. Ki ji dabarar da sukayi. A lambun gidan Franklin aka sa wani almajirin Mesmer ya zuba ƙarfin nasa a jikin bishiya guda, aka kawo yaro ɗan shekara 12 aka ɗaure masa ido akace ya bi bishiyoyin yana rungumewa, yaro ya fara tari yana cewa kansa na ciwo, yana ƙara gaba abin yana ƙara tsanani, a bishiya ta huɗu ya zube sumamme. Bishiyar da aka yiwa aikin kuwa bai ma kai gareta ba. Kwamiti ya rubuta cewa babu wani ƙarfi, tunanin mutum ne da abinda yake tsammani.

Mutane da yawa in sun ji labarin nan sai suce ashe ƙarya ce. Ni kuma abinda nake kallo shine yaron dai ya suma. Tsammani kawai ya kada shi ƙasa.

Kuma kinsan wani abu, garin da kike zaune a nan aka wanke abin daga siddabaru aka shigo da shi asibiti. Wani likitan tiyata ɗan Sikotilan, James Braid, a Manchester yake aiki, a 1841 yaje kallon wani mai wasan maganaɗisu da niyyar ya ƙaryata shi, sai ya lura wanda aka yiwa da gaske ya kasa buɗe ido. Ya koma gida ya gwada akan matarsa da abokinsa da mai masa aiki, yasa su ƙurawa abu ɗaya ido kawai, babu shafa babu komai, abin ya faru. Shi ya yaɗa sunan nan mai ma'anar barci a littafinsa na 1843, daga baya ya gane ba barci bane yaso ya canza sunan zuwa wani da ke nufin tattara hankali akan abu guda, amma ina, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Yau in aka ɗaurawa mutum wayoyin auna aikin ƙwaƙwalwa a ka ana masa hifnosis, abinda na'urar ke zanawa na wanda yake a farke ne a natse, ba irin na mai barci ba. A 1976 ma a jami'ar Stanford ta Amurka an yiwa mutane suna kan keken motsa jiki suna tuƙawa suna gumi ido buɗe, kuma ya kama su kamar yadda yake kama na kwance.

Toh in ba barci bane menene. Kinga Abban yara in yana kallon ƙwallo ana minti na tamanin da tara, ki kira shi sau uku bai ji ba, shayinsa ya huce a hannu, ƙafarsa har shuri take yi da kanta in an zo buga fenariti. Bai suma ba, ba aljani a kansa, in kikace gobara zai tashi a guje, hankalinsa ne kawai ya taru waje guda sauran duniya ta koma baya. Wannan kashi ɗaya kenan. Kashi na biyu yanzu zan miki shi. Ki ɗauka kin yanka lemon tsami ɗanye shar, ruwansa ya fantsamar miki a yatsa, kin ɗaga rabin kin matse shi akan harshe har ya gangara gefen haƙora. Yawu ya taru ko? Babu lemo a hannunki, magana ce kawai na faɗa jikinki ya amsa. Hifnosis haɗa biyun nan ne, a taimaka miki ki tattara hankali sannan a dinga jefa miki magana da hoto a zuci jiki yana amsawa, kuma abinda ke bawa mutane mamaki shine sai kiji kamar abin da kansa yake faruwa ba ke kike yi ba.

Ni na taɓa gwada ƙaramin nau'insa lokacin ina aikin jinya, wata malamarmu tasa muka ɗaura zobe a zare muka riƙe da yatsa biyu, gwiwar hannu akan tebur, tace kar ku motsa hannu, ku dai kalli zoben ku dinga raya cewa yana lilo dama da hagu. Wallahi ina zaune ina cewa a raina wannan shirme ne, ko minti ɗaya ba'ayi ba zobe ya fara lilo, tace yanzu ku raya yana zagaye, ya koma zagaye, na kalli yatsuna ban ga suna motsi ba, tsigar jikina ta tashi nayi a'uziyya a ɓoye. Ta gefena kuwa zobenta ko gezau, har ta fara jin haushi. Malamar tace toh ku rufe ido wata ta kalla muku, ina rufe ido lilon ya lalace. Ashe ƙananan motsi ne na tsokar yatsa da bana ji, zaren yana ƙara musu girma, wani masani Bafaranshe mai suna Chevreul ya rubuta bayaninsa tun 1833. Zaki iya gwadawa a kicin, amma dan Allah ba lokacin da kuke bidiyo kol da Hajiya ba.

Kin lura ta gefena bai kamata ba. Haka abin yake, mutane ba ɗaya suke ba. A Stanford ɗin nan Ernest Hilgard da abokin aikinsa sun fitar da ma'auni a 1959 mai gwaji 12, kuma irin abubuwan da ake gwadawa sune ace hannunka yayi nauyi yana sauka, ko ya sandare ya ƙi lanƙwasuwa, ko kana jin kukan sauro a kunne alhali babu. Wajen mutum 10 zuwa 15 cikin ɗari abin yana kama su sosai, kusan kamar haka kuma baya musu komai, sauran jama'a muna tsakiya. An sake auna wasu bayan shekara 25 aka samu yawancinsu suna nan kusa da inda suke. Kuma ba alamar raunin hankali bane ko raunin imani, kamar dai yadda wani fim ke sa shi hawaye wani kuma yana cin gyaɗarsa.

Yanzu ga tambayar da masanan kansu suka fi shekara ɗari suna dambe akanta, shin mutum yana shiga wani yanayi ne na daban da ba farke ba ba barci ba, ko kuwa hankalinsa na kullum ne yake aiki ta wata hanya. Tun wajen 1880 ake yi, likita Charcot a Faris yana cewa alamar ciwon jijiya ce da ke samun masu larura kawai, likita Bernheim a garin Nancy na Faransa yana cewa a'a kowa ma ana iya masa, sa rai ne da karɓar magana. Daga baya Hilgard na Stanford ɗin nan yana ɓangaren masu cewa yanayi ne na musamman, yana sa mutum ya tsoma hannu a ruwan ƙanƙara ace masa bazai ji zafi ba, mutum yace baya ji, sai Hilgard yace in akwai wani ɓangare naka da ya san gaskiyar abinda ke faruwa ya rubuta da ɗaya hannun, sai hannu ya rubuta cewa akwai zafi sosai. Yace kun gani, hankali ya rabu biyu an sa labule a tsakani. Sai wasu masanan, su Theodore Barber a Amurka da Nicholas Spanos a Kanada, sukace tsaya malam, ai kai ka gaya masa akwai ɓoyayyen ɓangare shiyasa ya fito maka da shi, Spanos ya sake gwajin amma ya faɗawa mutane cewa ɓoyayyen ɓangaren yafi ma rashin jin zafi, sai ga shi kuwa ya bada rahoton ƙarancin zafi. Kuma suka nuna abubuwa da yawa da akeyi da hifnosis ana samun kusan irinsu in kawai aka cewa mutum ya dage ya raya abin a zuciyarsa, ba tare da an masa wannan doguwar shimfiɗa ta rufe ido ka saki jiki ba.

Da na'urorin hoton ƙwaƙwalwa suka zo kowa ya zata za'a raba gardama. A Montreal ta Kanada a 1997 an yiwa mutane hifnosis an sa musu hannu a ruwan zafi, ana cewa wannan zafin zai dame ka sosai ko bazai dame ka ba, sai aka ga wajen da ke karɓar zafin a ƙwaƙwalwa yana nan yadda yake amma wajen da ke kula da yadda zafi ke damun mutum yana hawa da sauka yana bin maganar. A 2000 aka nunawa masu saurin kamuwa hoto mai ruwan toka akace su ga launi, wajen ganin launi ya kunna. A 2016 wani likitan Stanford David Spiegel ya tantance mutum 545 ya zaɓi 57 ya saka su a na'ura, ya ga a masu kamuwa sosai wajen da ke gadi yana leƙe-leƙen me ke faruwa a gefe ya lafa. Duk wannan ya kashe maganar cewa mutane wasan kwaikwayo kawai suke, da gaske suke jin abinda suka ce suna ji. Amma bai kashe gardamar ba, dan masu ɗaya ɓangaren sai sukace ai ko lemon tsami ka raya ƙwaƙwalwa zata nuna canji, kuma har yau babu wata alama guda da likita zai kalla a hoto yace wannan yana ciki wannan baya ciki, yadda ake gane barci ko suma ko wanda aka yiwa allurar tiyata.

Ni dai in kin tambaye ni, nafi karkata ga cewa hankalinki ne na kullum, wanda kike dafa abinci da shi kike lissafin kuɗin cefane, aka tattara shi aka bashi aiki guda, wasu tsiraru kuma abin yana musu zurfin da su kansu suke jin kamar wata duniya suka je. Rabin faɗan ma akan me ake nufi da kalmar yanayi ne. Kuma abinda ya shafe ki anan shine duk ɓangarorin biyu babu mai cewa hankali yana gushewa, babu mai cewa wani yana karɓe linzaminki. Kina jin duk abinda ake faɗa, kina jin motar da ta wuce a titi, in hancinki yayi ƙaiƙayi zaki sosa, in aka faɗi abinda bai miki ba zaki buɗe ido kice a'a. Sirri kuwa wanda baki so faɗa ba bazai fita ba, mutum yana iya yin shiru yana ma iya shirga ƙarya a ciki, kuma a irin wanda za'a miki ke ba magana ma zakiyi ba, saurare ne. Ƙin farkawa babu shi, ko mai yin ta tashi ta tafi ta barki zaki gaji ki buɗe ido, ko kuma gyangyaɗi na gaske ya ɗauke ki ki tashi kamar kowane barcin rana, sai ki sake alwala. Abinda wasu kan samu shine ɗan ciwon kai ko jiri ko faɗuwar gaba na ɗan lokaci.

Ƙaton da ke kukan kaza fa? Ki tambayi Abban yara ya nemo cikakken bidiyon ba guntun ba. Masu wasan nan mutum talatin suke kira kan dandamali, duk waɗanda suka ɗaga hannu da kansu suna so, a musu ƙananan gwaji irin haɗa yatsu ace sun manne, duk wanda bai kamu ba a mayar da shi kujerarsa, a rage biyar ko shida da suka fi kowa kamuwa kuma suka fi kowa son raha, ga fitila ga tafi ga ɗaruruwan ido, kuma an basu uzuri, gobe a ofis zai ce ai ba ni bane hifnosis ne. A nan Ingila tun 1952 akwai doka akan wasan, sai da izinin hukuma ake yinsa a bainar jama'a. Akwai wani gwaji da Martin Orne da Frederick Evans sukayi a 1965 da nake so ki riƙe, sun yiwa mutane hifnosis sukace su kama maciji mai dafi, su ciro kwabo daga ruwan asid, su watsawa wani asid ɗin a fuska, yawanci sukayi, kinga kamar an mallake su kenan. Sai suka kawo wasu da ba'a yiwa komai ba aka matsa musu suyi, suma sukayi, da aka tambaye su sukace ai munsan a jami'a muke bazaku bari a cutu ba, kuma gaskiyarsu, akwai gilashi tsakaninsu da macijin, asid ɗin ma an musanya shi kafin a watsa. Yarda da mai bada umarni ce ta tura su. Shiyasa ni inda nake sa ido shine waye zai rufe ƙofa da ke, dan mugu in kin amince masa zai iya cutarki ko da farar riga ko da rawani ko da carbi, kuma a Ingila kowa ma yana iya buga kati ya kira kansa mai maganin hifnosis doka bata hana shi ba.

Wuri ɗaya da nake jin tsoron abin da gaske shine tono tsohon tunani. Hifnosis baya gyara tunawa, ƙarfin gwiwa yake ƙarawa, mutum ya haɗa gaskiya da mafarki da abinda mai tambaya ya jefa masa ya fito yana rantsuwa ya gani da idonsa. A Amurka tsakanin shekarun 1980 da 1990 gidaje da yawa sun watse akan abubuwan da aka tono ta irin wannan hanyar daga baya aka gane basu faru ba, kuma kotunan jihohi da dama sun taƙaita karɓar irin wannan shaida. Saboda haka duk wanda yace miki zai mayar da ke yarinta ya gano asalin ciwon, ko zai sa ki ga fuskar wanda ya miki sammu, ɗauki jakarki. Ki duba yadda zumunci zai kasance in kika tashi kina cewa kin ga fuskar wata a dangin miji.

Fatawar da Abban yara ya samo ba ƙirƙira bace, akwai ta. Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya taɓa cewa attanwimul magnaɗisi nau'in bokanci ne, suka siffanta shi da cewa mai yi yana haɗa kai da aljani ya ɗora shi akan wanda aka kwantar, aljanin yayi magana da bakinsa ya bada labarin abinda ya ɓuya. In wannan za'a miki nima cewa zanyi ki gudu ba waiwaye. Kuma kar ki ga laifin mijinki, kishinki da kishin addininki yake. Wasu malaman kuma sun duba irin wanda likitoci keyi suka ce babu laifi in babu haram a ciki. Ni ba malama bace bazan baki hukunci ba, amma malaman da kansu suna cewa hukunci akan abu sai an fahimci yadda abin yake, toh kar kuje wajen malam da suna kawai, kuje da bayani. Ki roƙi asibitin su baki takardar da ke bayyana abinda akeyi, ko sautin da suke bawa marasa lafiya, ku zauna ke da shi ku saurara daga farko har ƙarshe, sannan ku kaiwa malamin da kuka yarda da shi, in da hali wanda ya san harkar asibiti.

Abinda zaku ji kuwa zai iya baku dariya dan rashin abin mamaki. Kina zaune a kujera da kayanki da hijabinki, ana ce miki ki ja numfashi ki saki kafaɗa, ki ɗora tafin hannu akan cikinki ki ji ɗumi yana ratsawa, ki raya hanjinki kamar kogi, in gudawa ke damunki ki ga ruwan ya rage gudu yana tafiya a natse, in ƙin fita ne ki ga an kwashe duwatsun da suka tare shi. Shikenan fa. Yawanci zama 6 zuwa 12 ne, sati-sati, kuma a baki sauti ki dinga saurara kullum a gida, wanda nan ne ma aikin yake, mai yin koya miki kawai take.

Yana aiki? A Manchester ɗin dai Farfesa Peter Whorwell ya fara gwada shi a 1984 akan mutum 30 da magani ya gagara, waɗanda aka yiwa suka samu sauƙi sosai fiye da sauran. A 2015 sashensa ya fitar da bayanin marasa lafiya 1000, kashi 76 cikin ɗari sun samu sauƙi na a zo a gani, koda yake wannan lissafin asibiti ne ba'a kwatanta da wasu da ba'a yiwa ba. A Ostireliya a 2016 an gwada shi da tsarin ƙauracewa abinci irin wanda kike fama da shi, suka tashi kusan kunnen doki. Hukumar NICE da ke tsarawa likitocin Ingila ƙa'ida tun 2008 ta saka shi cikin abinda za'a duba ga wanda ya shekara yana shan magani babu sauƙi, kinga likitarki ba daga kanta ta ƙirƙiro ba. A wajen rage zafi ma yana da tarihi, a garin Liège na Beljiyam tun 1992 suke tiyatar maƙoƙo da shi haɗe da allurar kashe wuri da ɗan maganin kwantar da hankali, majiyyaci a farke. Amma masu tallansa a intanet wai yana sa barin sigari ko rage ƙiba cikin zama ɗaya, hujjarsu bata taka kara ta karya ba. Kuma ke ma kar ki shiga da tunanin warkewa fes, ki lissafa cikin kowane mutum huɗu ɗaya bai samu sauƙin a zo a gani ba, zai iya zama kece, in haka ta faru ba laifinki bane sai a koma wata hanyar.

Ki bi ta hanyar da likitar ta tura ki ko da layin NHS, wato asibitin gwamnati, zai yi tsawo, in kuma zaku biya da kanku ki nemi wadda asalinta ma'aikaciyar lafiya ce kuma tana cikin rajistar da aka amince da ita, kuma ta san na hanji musamman. Kice mace kike so, haƙƙinki ne, kice mijinki zai zauna a zaman farko, da yawa ma ta bidiyo suke yi kina falonki. In kin taɓa samun larurar ƙwaƙwalwa mai sa jin muryoyi ko gane-gane ki faɗa musu tun farko dan ba'a son yinsa ga masu ita. Kuma in kika ga jini a bayan gida, ko kina ramewa ba dalili, ko ciwon yana tashinki daga barci da zazzaɓi, wannan ba na jira bane, ki koma wajen likita a satin.

Ita kuma Hajiya kar ki ja da ita a waya, uwa ce ɗiyarta na ciwo a ƙasar da bata iya zuwa ta duba ta, dole ta nemi wanda zata ɗorawa. Ki bar sunan turancin, ki faɗa mata abinda akeyi, numfashi da nutsuwa da ɗora hannu a ciki, kice ta ci gaba da miki addu'a kema kina azkar ɗinki, babu wanda yace ki ajiye ɗaya dan ɗaya. In ta samu mai zuwa ta aiko miki da jiƙo kuma ki tambaya ko da filasko a ciki, dan shi zawo yake sawa, ke kuwa kin ƙoshi da wannan.